Farin ƙudan Jazira da tambayar Gwaggo

Gwaggo ba ta taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifinta aka raɗa mini, don haka tun ina zanen goyo "Babana" take ce mini, a gaban mutane ko a waya. Daren Juma'ar da ta wuce, a gidan ɗanta da ke kudancin Jidda, bayan an yi isha'i an sha jabana, gahawar Sudan, sai ta kori yara ɗaki, ta jawo matashi ta tokare bayanta, ta dube ni.

"Babana, an ce wannan ciwon shi ne aikinka. To ka gaya mini tsakaninka da Allah. Sun yanke nonon, sun yi mini kimawi har gashina ya zube, sun gasa wurin, likita ya ce babu saura. Shekara huɗu ina haɗiyar ƙwaya kullum safiya. Daga ina ya dawo?"

A Madani, a ƙasar Sudan, aka yi mata aikin sankarar mama a 2019, a cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira, kuma har gobe tana yi wa likitocin wurin addu'a. Da yaƙi ya iso garin a Disambar 2023 ta fita da zani biyu da jakar takardun asibiti, ta bi ta Sinnar da Gadarif har Bur Sudan, daga baya ɗanta ya samo mata hanyar ƙetarowa. Da ciwon baya ta fara kuka. Muka ce wahalar hanya ce da kwanan ƙasa. Hoto ya nuna abin ya sauka a ƙashin baya da ƙugu.

Ni ba likita ba ne. Ban taɓa riƙe wuƙar tiyata ba, ban taɓa rubuta wa kowa magani ba. Lissafi da kwamfuta na karanta, yanzu kuma ina aiki a wani ɗakin bincike a jami'ar KAUST da ke Suwal, bakin Bahar Maliya, tafiyar kamar awa guda arewa da Jidda. Marasa lafiya ba sa zuwa wurina. Rubutun da aka karanto daga cikin ƙarin jikinsu ne ke zuwa, miliyoyin layuka, in loda su a babbar kwamfutar jami'ar da ake kira Shahin, in jira ta tauna su kwana ɗaya ko biyu. Shekaruna ke nan ina amsa irin tambayar Gwaggo da Turanci a gaban masana. Ranar nan sai na ji duk kalmomin sun zama ƙaiƙayi a bakina, babu wadda zan iya miƙa mata.

Abin da ya cece ni shi ne tuna mahaifina, yayanta, Allah ya jiƙansa.

Mu mutanen kambo ne, wato zangon leburorin gona. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, suka yada zango a Jazira, zango ya zama gida. Madatsar Sinnar da aka kammala a 1925 ita ta shayar da filin audugar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kuma hannun mutanenmu na cikin hannuwan da suka yi shuka da cira a hawasha, wato gonakin wasu. Baba ya sha ba ni labarin feshi. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara fesa DDT a audugar Jazira. Da fari sau ɗaya a shekara ya wadatar, gona ta yi kyau, kowa ya ce an gama da ƙwari. Sai aka koma sau uku, sau biyar, jirgi na wucewa ƙasa-ƙasa a kan kai, har Baba ya ce sun daina ƙirgawa. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, wani ɗan ƙwaro da a da ba wanda ke kula shi, farin ƙuda, ya zama shi ne sarkin gona. Yana maƙalewa a ƙasan ganye yana tsotsa, yana zubar da wani danƙo da muke kira asala a kan audugar da ta buɗe, har masaƙun ƙasashen waje suka riƙa karya farashin audugar Sudan saboda tana liƙe musu injuna.

Na ce, "Gwaggo, kin tuna asala?"

Ta ce, "Ni da ta manne mini a yatsu ina budurwa? Ka ciro auduga ta ƙi barin hannunka."

Na ce mata to feshin nan bai koya wa ƙudan dabarar komai ba. Tun kafin jirgi ya tashi, a cikin dubbai akwai ɗaya ko biyu da aka halitta da jikin da gubar ba ta kamawa sosai. Da can ba su da wani tasiri, 'yan'uwansu sun fi su yawa, sun cinye wuri. Feshi ya zo ya kashe 'yan'uwan, ya haɗa da ƙananan zanzaron da ke saka ƙwai a cikin 'ya'yan ƙudan suna rage shi, ya bar wa waɗannan biyun gona fetal. Jikokinsu ne suka cika Jazira.

Ta yi shiru tana juya carbi. Can ta ce, "Wato ciwon nawa ba abu guda ba ne. Gari ne."

Wallahi ban taɓa jin wanda ya faɗe shi a taƙaice haka ba, kuma wannan shi ne ginshiƙin fannin da nake ci da shi. Jikin mutum gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta sama da tiriliyan 30. In ban da yawancin ƙwayoyin jini, kusan kowace tana ɗauke da littafin gado, DNA, mai haruffa kimanin biliyan 3 da aka rubuta da baƙaƙe huɗu kacal. Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe littafin baki ɗaya, kuma kamar kowane marubuci, takan yi tuntuɓen alƙalami. Yawancin kurakuran ba sa komai. Jifa-jifa sai ɗaya ya faɗa a shafin da ke cewa "tsaya haka" ko "lokacin mutuwa ya yi", ƙwayar ta ci gaba da haihuwa ba ƙaƙƙautawa, 'ya'yanta su gaji kuskuren su ƙara nasu. A 1976 wani likita a Filadelfiya, Peter Nowell, ya rubuta cewa ƙari daga ƙwaya guda yake farawa, amma zuriyarta takan rarrabu gida-gida, gidajen na gasa da juna, mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi. Har ya yi hasashen cewa wata rana kowane mara lafiya zai buƙaci magani irin nasa. A lokacin babu na'urar da za ta tabbatar da maganarsa. Sai da karanta DNA ya yi araha, bayan shekara talatin da wani abu, aka gani da ido.

Nakan lura wasu 'yan'uwa da sun ji ana zancen rikiɗar zuriya sai su ɗaure fuska, su ɗauka gardamar asalin ɗan Adam za a tayar. Wannan daban ne. Abu ne da ke faruwa cikin wata shida a jikin mutum guda, ana auna shi a jini, kamar yadda duk mai sayar da magani ya ga kulorokwin ya daina kashe zazzaɓin cizon sauro.

Yadda muke gano salsalar gidajen nan ya fi kama da aikin malaman da ke bin tsofaffin littattafan hannu. A ce an sami kwafi goma na littafin fiƙihu guda. Idan marubucin farko ya tsallake kalma a shafi na bakwai, duk wanda ya kwafa daga wurinsa zai gaji tsallaken, ya kuma ƙara nasa a wani shafin. Mai ido, ta bin kurakuran kawai, zai ce wannan daga wancan aka ɗauko shi, waɗannan biyun kuma uwarsu ɗaya. Haka nake yi, sai dai ni ba a ba ni littattafan a ɗaure. Na'ura tana yayyaga su duka, na miliyoyin ƙwayoyi, ta zuba mini guntayen a kwando guda. Kowane wuri a littafin takan karanta shi sau ɗari ko fiye. Idan na ga kuskure a karatu 50 cikin 100, tun da kowace ƙwaya kwafi biyu gare ta, na uwa da na uba, alama ce cewa kuskuren na cikin dukan ƙwayoyin ƙarin. Wannan kututturen bishiya ne, tsohon kuskure. Idan a karatu 5 ne kawai, to ko dai ƙaramin reshe ne, ko lafiyayyen nama ne ya yi yawa a cikin abin da aka yanko, ko kuma ƙarin ya ninka wasu shafuka ya yar da wasu, abin da ya saba yi. Raba waɗannan ukun shi ne ke cinye mini dare. Lissafin yiwuwa ne tsantsa, kuma sau da yawa bishiyoyi biyu mabambanta kan dace da alƙaluma iri ɗaya, dole in rubuta duka biyun.

A 2012 rukunin Charles Swanton a Landan suka yi abin da ya girgiza fannin. Suka ɗauki ƙarin ƙoda, maimakon su yanko wuri guda kamar yadda aka saba, suka yanko wurare da dama a ƙari ɗaya, har da inda ya yaɗu. Kusan kashi biyu cikin uku na kurakuran ba a same su a kowane wuri ba. Ke nan allurar da likita ke sokawa ya ɗebo nama tamkar mai sayen dawa ne da ya ɗebi tafi guda a bakin buhu, bai san abin da ke gindi ba. Daga nan aka kafa binciken TRACERx a 2014, ana bin masu ciwon dajin huhu tun daga ranar tiyata har zuwa dawowar ciwon, kuma a 2023 suka fitar da bishiyoyin mutum 421.

Amma binciken da ya fi kusa da tambayar Gwaggo shi ma a 2012 ya fito, daga Baltimo. Luis Diaz da Bert Vogelstein, tare da masana lissafi, suka bi jinin masu ciwon dajin hanji da ake ba wani magani mai suna panitumumab. Ƙari kan zubar da ɓurɓushin DNA ɗinsa a jini, ana iya tsinto shi. Bayan wata biyar zuwa shida, a jinin wasu daga cikinsu sai ga kuskure a shafin da ake kira KRAS, wanda ke sa maganin ya tashi a banza. Da aka auna saurin ƙaruwarsa aka ja lissafi baya, sai ya nuna ƙwayoyin masu wannan kuskuren suna nan tun kafin allurar farko. Farin ƙuda ne biyu a ƙasan ganye suna jiran jirgi ya wuce.

Na Gwaggo irin wanda ke cin sinadarin mata ne, istirojin. Ƙwayar da ta yi shekaru tana sha, letrozole, tana hana jikin macen da ta daina al'ada ƙera sinadarin, sai ƙarin ya zauna da yunwa. Magani ne mai kyau, ya tsawaita ran mata masu yawan gaske. Sai dai irin wannan ciwon yana da haƙuri. Tun kafin a yanke nono wasu ƙwayoyi kan sulale su shige ɓargo su kwanta, babu hoton da ke ganinsu. Wani nazari na 2017 da ya tattara bayanan mata sama da 60,000 ya nuna haɗarin dawowarsa na nan har shekara 20 bayan gano shi. A cikin masu kwanciyar nan wani lokaci akan sami wadda ta yi kuskure a shafin ESR1, shafin da ke ƙera ƙofar da istirojin ke buɗewa. Da wannan kuskuren ƙofar takan zauna a buɗe, ko da makulli ko babu. Ana samun haka a kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na matan da ciwon ya ci gaba alhali suna kan irin ƙwayar nan.

A nan ta tare ni. Muryarta ta yi ƙasa.

"Ashe ba don ƙwayar ta yanke mini a Gadarif ba ne? Sati shida ban sha ba, Babana. Ban gaya wa kowa ba."

Wannan ne ashe abin da take ɗauke da shi tun daga can. Na ce mata ƙarin da bai wuce santimita guda ba yana ƙunshe da ƙwayoyi ɗaruruwan miliyoyi, kuma abin da hoto ya nuna a ƙashinta ginin shekaru ne, sati shida ba sa gina shi. Na ce ba sakacinta ba ne, ba kuma hannu aka sa mata ba, kamar yadda wasu mata masu zuwa dubiya suka fara raɗa mata. Ta rufe fuska da mayafi ta daɗe. Da ta buɗe sai ta ce a ƙaro mata jabana.

Ɗanta taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma daren nan babu wasa a bakinsa. Ya miƙo mini waya. Labarin Jimmy Carter ne, wanda mu a Sudan muka fi sani da yaƙi da kurkunu, har ya sa aka tsagaita wuta a 1995 don masu aikin lafiya su shiga kudu. A 2015, yana da shekara 90, aka same shi da ciwon dajin fata da ya kai hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa tiyata, aka gasa wurin, aka sa shi a kan pembrolizumab, kafin shekarar ta ƙare ya ce hoto bai ga komai ba. Sai a Disambar 2024 ya rasu, yana da shekara 100. Taubashina ya ce, "Wannan nake so a yi wa Inna. Motata zan sayar, in ba ta isa ba in ci bashi."

Abin ya sosa mini rai, don wannan maganin shi ne ainihin abin da nake aiki a kai, kuma na san ba nata ba ne.

Ga yadda yake. Kusan kowace ƙwaya mai ɗauke da littafin gadon nan tana da ɗan faifai a bakin ƙofarta, ana kiransa HLA, tana baza guntayen abin da take ƙerawa a ciki kamar mai talla. Dakarun garkuwar jiki, ƙwayoyin T, suna zagayawa suna leƙa faifan. In sun ga kayan gida su wuce, in sun ga baƙon abu su kashe mai faifan. Kurakuran ƙari kan haifar da irin waɗannan baƙin guntaye. Garkuwar jiki ita ce zanzaron gonar, tana rage ɓarna shekara da shekaru ba mu sani ba. To amma dakarun nan suna da linzami, don kada su afka wa jikin da suke tsaro. James Allison a Amurka ya yi aiki a kan linzami ɗaya mai suna CTLA-4, Tasuku Honjo a Kiyoto ya gano na biyu, PD-1, a 1992, kuma su biyun suka raba kyautar Nobel a 2018. Ƙari mai wayo yakan miƙa hannu ya riƙe linzamin, doki na ganinsa amma ba ya iya motsi. Magungunan nan, da aka fara amincewa da su a 2011 da 2014, ba sa taɓa ƙarin. Hannunsa kawai suke ɓamɓarewa daga linzami.

Inda ya yi aiki, abin sai wanda ya gani. Ciwon dajin fata da ya yaɗu a da yakan kashe yawancin masu shi cikin shekara guda. A wani babban gwaji da aka haɗa magunguna biyu, kashi 43 cikin 100 suna raye bayan shekara 10. A 2022 a Niyok aka ba mutum 12 masu wani nau'in ciwon dajin dubura dostarlimab na wata shida, ƙarin ya ɓace a dukansu. Waɗannan labaran ne ke yawo a waya. Wanda ba ya yawo shi ne ƙiyasin da aka buga a 2019, cewa a cikin masu ciwon daji mai tsanani a Amurka, kimanin 12 ko 13 cikin 100 ne kawai ake sa ran irin maganin zai yi wa aiki.

Dalilin na komawa ne ga bishiya. Ƙarin fata da rana ta ƙona da na huhun mai shan taba cike suke da kurakurai, faifansu maƙil da baƙin kaya. Mutum 12 ɗin can na Niyok, ƙarinsu ya rasa mai gyaran kwafi ne gaba ɗaya, shi ya sa kurakuransa suka yi dubbai. Irin na Gwaggo kuwa kurakuransa kaɗan ne, faifansa kusan kayan gida ne zalla, ko ka saki linzami dokin bai ga abin bi ba. Yawan ma ba ya wadatarwa. Nicholas McGranahan da abokan aikinsa sun nuna a 2016 cewa baƙon guntun da ke kututture, wanda kowace ƙwayar ƙarin ke ɗauke da shi, shi ne ke jawo nasara. Na reshe sai ya sa a sare reshen, bishiya ta ci gaba. Shekara guda bayan haka suka gano cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙarin huhun da suka duba sun yar da wani ɓangare na faifansu dungurungum. Mai talla ta ɓoye faifai, dakaru sun wuce.

Na ce wa taubashina kada ya sayar da motar. A farashin Amurka allura guda ta haura dala 10,000, kuma duk sati uku ake yi. Ba ruwan sanyi ba ce kuma: dokin da aka sakar wa linzami yakan tattake hanji, ko huhu, ko maƙogwaro, wani lahanin har abada. Likitocinta sun sa ta a kan allurar fulvestrant da ƙwayar ribociclib, kuma wannan shi ne daidai da irin ciwonta. Da a ce nau'in nan ne da ba ya cin istirojin, ba ya kuma da alamar HER2, wanda ya fi yawa a matan da asalinsu Afirka ta Yamma ne, da maganar pembrolizumab ta taso da gaske. Shi ya sa nake roƙon duk wanda aka ce wa tasa tana da sankarar mama ya tambayi likita wane nau'i ne, ya sa a rubuta masa a takarda.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a aikin nan, kuma ba zan ɓoye shi ba. Babban rumbun da kusan dukanmu muke koyar da kwamfutocinmu da shi, TCGA, ya tattara ƙarin mutum sama da 11,000 a nau'in ciwo 33, amma mafi yawansu Turawa ne, baƙaƙen ciki kuma kusan duk Amurkawa. Wannan yana da sakamako a gadon asibiti. Asibitoci da yawa ƙarin kawai suke karantawa, ba sa haɗawa da jinin mai shi, sai kwamfuta ta cire bambance-bambancen gado da ta sani a rumbu, ta ƙirga sauran a matsayin kurakuran ciwo. Mu kuwa bambancin gadonmu ya fi na kowa yawa a duniya, kuma shi ne mafi ƙaranci a rumbun. Wani bincike daga Boston a 2022 ya nuna wannan hanyar tana kumbura adadin kurakurai a wurin waɗanda ba Turawa ba, har a ɗauka mutum ya cancanci maganin da ba zai amfane shi ba. Faifan ma haka. Manhajojin da ke hasashen wane guntu ne zai hau wane faifai sun fi ƙwarewa a nau'in da ya yawaita a Turai. Nau'i irin HLA-B53, da ya yawaita a Afirka ta Yamma, wanda bincike a Gambiya a 1991 ya danganta da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, bayanansa ba su kai na wancan ba ko kusa. A wannan giɓin nake tono yanzu. Duk sanda na buɗe sabon rumbu nakan fara duba layin asali, ina neman Sudan, Nijar, Najeriya, Chadi, kuma galibi yatsun hannu sun isa ƙirga abin da zan samu.

Dare ya yi nisa, na yi niyyar tashi, sai Gwaggo ta koma kan auduga. Ta ce ai ta tuna daga baya malaman gona na Madani sun zo sun ce a rage feshi, a jinkirta na farko, a bar ƙwarin kirki su yi aikinsu, kuma asala ta ragu. Gaskiya ta faɗa, an yi wannan shirin tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun daga 1979. Abin mamaki, daga irin wannan dabarar ta manoma wani likita a cibiyar Moffitt da ke Falorida, Robert Gatenby, ya ɗauko tunaninsa. Ya ce idan ciwo ya riga ya yaɗu har ba a sa ran tumɓuke shi, me zai sa a kashe duk ƙwayoyin da ke jin magani a bar wa masu taurin kai fili? A bar wasu su riƙa tare musu wuri. Suka gwada a maza masu ciwon dajin furostet, ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, da maganin abiraterone: a ba da shi har PSA, wani ma'aunin ciwon a jini, ya sauka rabi, a tsaya, in ya koma inda yake a ci gaba. A rahoton 2022, mutum 17 da aka yi wa haka sun kai kimanin wata 33 kafin ciwon ya fi ƙarfin maganin, waɗanda aka kwatanta su da su kuma kimanin wata 14, kuma kusan rabin lokacin ba sa shan abiraterone ɗin.

Idonta ya yi haske. "To ni ma in riƙa hutawa? Ƙwayar nan tana kashe mini jiki."

Gabana ya faɗi. Na matsa kusa na riƙe hannunta na ce, "Gwaggo, don girman Allah kada ki tsallake ko guda ba da sanin likita ba." Mutum 17 ne, a ciwo daban, ba a kuma raba su da ƙuri'a ba kamar yadda ake yi a gwajin da ake dogara da shi. Suna da ma'auni a jini da ake dubawa duk wata, da lissafi a bayansa. Manyan gwaje-gwaje na tafe, ina kuma fatan su tabbata, don idan suka tabbata talakan da ba ya iya sayen magani kullum shi zai fi kowa cin riba. Amma yau, a jikinta, rage magani da ka kyauta ce ga farin ƙuda. Na ce in jikin ya mutu ta faɗa wa likita, akwai matakan rage ƙarfin ƙwayar da aka gwada aka sani, shi zai zaɓa. Ta ce ta ji. Na sa taubashina shi ma ya ce ya ji.

Na faɗa mata abu guda da zai taimaka. Naman da aka yanke mata a 2019, a al'adar ɗakunan gwaji, akan daskarar da guntunsa a cikin kaki a adana shekaru. Idan yana nan, aka haɗa shi da jininta na yanzu, za a iya ganin wane reshe ne ya tsira, da ko ƙofar ESR1 ta buɗe, don akwai magani na baki da aka amince da shi a 2023 musamman saboda wannan kuskuren. Sojoji sun karɓe Madani tun Janairun 2025, mutane na komawa kaɗan-kaɗan.

Ta ce a miƙo mata jakar. Ta zazzage takardun a kan darduma, wasu duk sun sha ruwa a hanyar Gadarif, ta riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya tana miƙo mini, don ita ba ta karanta boko. A ta tara na ga hatimin ɗakin gwaji, da lambar naman a kusurwar sama, an rubuta da shuɗin biro, ruwa bai taɓa ta ba. Na ɗauki hotonta. Taubashina yana da abokin da ya koma Madani watan jiya, ya ce da an yi asuba zai kira shi.